Wa ke kula da gawarwakin sojoji a yankin Sabha?

A ranar 18 ga Mayun 2017 an kai hari sansanin sojin sama na Brak al-Shati, arewa da Sabha, kuma rundunar Janar Halifa Haftar ta ce mutum 141 ne suka mutu. Bayan harbe-harbe sun lafa, sai aikin kwashe gawarwaki da gane masu su ya biyo baya.

Yarjejeniyar Geneva ta 1949 ta wajabta wa masu yaƙi rubuta sunan mamaci da lambarsa, su adana kayansa, su bar rabin alamar ƙarfen da soja ke ratayawa a wuya a jikin gawar, sannan a binne shi bisa addininsa, a sa wa kabarin alama.

A Libiya, galibi 'yan sa kai na ƙungiyar Red Crescent ne ke kwashe gawarwakin. Zafin Sahara yana sa a gaggauta binnewa, shi ya sa ɗaukar hoton gawa tun kafin a rufe ta yake da muhimmanci.

Iyalan da ɗansu ya ɓace a Fezzan, daga Agadas ko Damagaram ko Kano, suna iya kai hotonsa da bayanin tabo ko zanen fuskarsa ofishin Red Cross don a nemo shi.