Zakin teku: Dabbar da doka ta ceto, daga baya ta halatta kashe ta

A shekarar 1972 ne Majalisar Dokokin Amurka ta kafa dokar kare dabbobin teku masu shayarwa, wadda ta haramta kashe su ko tsangwamarsu. Zakin teku na gaɓar Kalifoniya na cikin waɗanda suka fi cin gajiyarta. Ƙiyasin hukumar NOAA mai kula da harkokin teku ya nuna yawansu bai kai 90,000 ba a 1975, amma zuwa 2014 ya haura 250,000.

Wannan dabba iska take shaƙa, tana haihuwa, tana shayarwa. Tana da 'yan kunnuwa a waje, tana kuma iya juyo da ƙafafunta na baya masu kama da filafili ta yi tafiya a tudu. Namiji kan kai kilo 300, mace kuwa kimanin kilo 100. A tsibiran kudancin Kalifoniya suke haihuwa, galibi a watan Yuni. Uwa kan fita neman abinci na 'yan kwanaki, idan ta dawo ta gane ɗanta cikin dubbai ta hanyar murya da sansana.

Mazan kuwa, da zarar lokacin barbara ya wuce, sai su nausa arewa. Wasu suka gano madatsar ruwa ta Bonneville a kogin Columbia, kimanin kilomita 235 daga teku, inda kifin salmon ke cunkushewa kafin ya haye matakalar da aka gina masa. Banza ta faɗi. Sai dai wasu nau'o'in wannan kifi na ƙarƙashin kariyar dokar 1973 ta halittu masu fuskantar ƙarewa. Dokokin tarayya biyu ke nan suka yi karo a bakin madatsa ɗaya.

Jami'ai sun gwada harsasan roba da abubuwan fashewa na tsoratarwa. An kama wasu an kai su nesa, suka dawo. A 2008 aka fara ba jihohin Oregon, Washington da Idaho izinin kashe waɗanda aka shaida suna cin kifin. A 2018 majalisa ta sassauta dokar 1972, sannan a 2020 aka amince a kashe har 540 cikin shekara biyar.

Masu kare haƙƙin dabbobi sun ce an bar jaki ana dukan taiki, domin madatsun ruwa da masunta ne suka fi ƙarar da kifin. Jihohin da ƙabilun asali na yankin kuwa sun ce salmon ba zai jira a kammala wannan muhawara ba.