Sinadaran Hana Tsatsa a Cikin Abinci da Ganyayyaki

Duk wanda ya taɓa ɓara goro ya ajiye shi a sarari ya san cewa ba a jimawa zai tarar cikinsa ya rine. Haka ma doya idan aka fere ta aka bari. Abin da ke rina su shi ne iskar oksijin, wadda ita ce dai ke sa fartanya ta yi tsatsa idan ta kwana a raɓa. Amma da za a matsa lemon tsami a kan doyar, sai rinewar ta yi jinkiri, domin akwai sinadarin da ke tare iskar kafin ta yi ɓarna. Ire-iren wannan sinadari su masana kimiyya ke kira antiyoksidan, wato sinadaran hana tsatsa.

A jikin ɗan'adam ma makamancin haka na faruwa. Yayin da ƙwayoyin halitta ke ƙona abinci da oksijin don samar da kuzari, akan sami wasu ɓarɓashin sinadarai marasa natsuwa, waɗanda ke afka wa kitse da furotin da ƙwayoyin gado suna illata su. Hayaƙin taba da na itacen girki suna ƙara yawansu. A shekarar 1956 ne wani masani ɗan Amurka mai suna Denham Harman ya kawo ra'ayin cewa taruwar wannan ɓarna na daga cikin dalilan tsufa. Jiki yana ƙera wasu sinadaran kariya da kansa, sauran kuwa daga abinci yake samun su.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga waɗannan abinci. Garin 'ya'yan kuka da ake yin kwalba-da-nono da shi yana da bitamin C mai yawa, haka ma goba da lemo da barkono. Gyaɗa da riɗi suna ɗauke da bitamin E, manja da karas da ganyen zogale kuwa suna da karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A. Jan launin zoɓo shi kansa sinadari ne daga wannan dangi. A wani bincike da aka gudanar a Jami'ar Tufts ta Amurka, aka wallafa a 2010, an gwada mutum 65 masu hawan jini da bai yi tsanani ba. Waɗanda suka sha kofi uku na zoɓo kullum har mako shida, awon jininsu na sama ya sauka da kimanin maki 7. Sauƙi ne, amma bai kai a ce mai hawan jini ya ajiye maganin da likita ya ba shi ba.

Abin lura a nan shi ne, amfanin da ake samu daga cin ganye da 'ya'yan itace bai bi sinadarin ba idan aka tsame shi aka mayar ƙwaya. A ƙasar Finlan an yi gwaji da maza masu shan taba sama da 29,000, aka riƙa ba wasunsu ƙwayar karotin shekara da shekaru. Da sakamako ya fito a 1994, sai aka tarar cutar dajin huhu ta fi yawa da kashi 18 cikin ɗari a tsakanin waɗanda suka sha ƙwayar. Wani gwaji irinsa a Amurka ala tilas aka dakatar da shi a 1996 saboda wannan dalili. Ke nan, wanda ya bar kwaɗon zogale ya zuba kuɗinsa a kwalbar da aka yi wa ado da kalmar antiyoksidan, bai yi ciniki mai riba ba.

Yadda ake sarrafa abincin ma abin dubawa ne. Bitamin C ba ya jure zafi, kuma yana narkewa cikin ruwa, don haka dafa ganye har ya yi lugub a zubar da ruwan asara ce. Kanwa ma tana lalata shi. Tumatir kuwa akasin haka ne, domin jiki ya fi tsotsar jan sinadarinsa idan an dafa shi da mai. Zoɓon da aka cika wa sukari ya rage daraja, musamman ga mai ciwon sukari. Shayi kuma, duk da amfaninsa, yana rage tsotsar sinadarin ƙarfe idan aka sha shi tare da abinci, saboda haka ya fi kyau mai juna biyu da mai ƙarancin jini su bari sai bayan awa guda da cin abinci.

Malamin da zai koyar da wannan darasi ba ya bukatar ɗakin gwaji. Ya raba fararriyar doya gida biyu, ya shafa wa ɗaya lemon tsami, ɗalibai su duba bayan rabin awa. Sannan ya ɗiga ruwan kanwa a kofin zoɓo, su ga yadda jan ke rikiɗewa ya yi duhu, ya kuma matsa lemon tsami su ga launin ya dawo.