Raddi Ga Masu Cewa Ɗan Koyo Ne Ke Jawo Jinkiri A Filin Golf

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin 'yan wasan golf, kuma duk inda ake wasan za ka ji irinta. Ranar da zagaye ya ja, wasan da ya kamata a kammala cikin awa huɗu ya haura biyar, sai wani ya yi tsaki ya ce, “Ai sababbin shiga ne a gaba.” Daga nan sai hukunci ya biyo baya: kada a bar ɗan koyo ya taka fili sai hannunsa ya faɗa. Ya tsaya a wurin atisaye yana dukan ƙwallo wata da watanni, in ya ƙware sai a buɗe masa ƙofa.

Masu wannan ra'ayi ba 'yan son zuciya ba ne. Akasarinsu dattawan kulob ne da suka daɗe suna hidima wa wasan, kuma akwai gaskiya a ƙorafinsu. Filin golf layi ɗaya ne mai ramuka 18, rukuni na bin rukuni, don haka in na gaba ya tsaya, duk na baya sun tsaya. Wanda bai taɓa riƙe sanda ba yakan kai duka ya sami iska, ko ƙwallonsa ta shige cikin ciyawa a yi ta nema. Akwai kuma batun haɗari, domin ƙwallon golf ba ta kai giram 46 ba, amma tauri gare ta, in ta sami mutum a ka sai asibiti. Saboda haka na yarda cewa mutum ya fara zuwa wurin atisaye 'yan kwanaki, ya san yadda ake riƙe sanda da yadda ake tayar da ƙwallo. Inda muka rabu da dattawan nan shi ne cewa rashin ƙwarewa ne tushen jinkiri, kuma cewa tsare ɗan koyo a waje shi ne magani.

Mu fara da lissafi. Bugun ƙwallo kansa bai wuce sakan biyu ba. Abin da ke cinye lokaci shi ne abin da mutum ke yi kafin bugu da bayansa. A ce ɗan koyo yana buƙatar bugu 120 kafin ya gama zagaye, abokansa kuma 90 kowanne. Rarar bugu 30 ke nan. In yana ɗaukar sakan 20 a kan kowanne, ya ƙara wa zagayen minti 10. To a kawo rukunin mutum huɗu da suka daɗe a wasan, kowa na yin bugu 90, amma kowa na ɓata sakan 10 kacal fiye da yadda ya kamata kafin ya buga. Bugu 360 sau sakan 10, awa ɗaya cur ta tafi, kuma ba wanda zai ji a jikinsa cewa shi ne ya ɓata ta.

Wanda ya tsaya ya lura zai ga yadda waɗannan sakan-sakan ke tsiyayewa. Ga mutum ya iso wurin ƙwallonsa tun ɗazu, amma ya zuba wa abokinsa ido har ya buga, sannan ne zai fara laluben safar hannu a aljihu, ya auna nisa, ya zaro sanda, ya mayar, ya zaro wata, ya gwada lilo sau uku. Da suka isa lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, sai ya ajiye jakarsa ta gaba, alhali hanyar rami na gaba ta baya take. Bayan ƙwallo ta faɗa, maimakon ya fita, sai ya tsaya nan kusa da tuta yana ƙirga bugunsa da yatsa yana rubutawa a kati, na baya kuwa suna tsaye da sanduna a hannu. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya shafi iya bugu. Ɗabi'a ce, kuma ta fi kama wanda ya shekara yana yin ta ba a tanka masa ba. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Da a ce ƙwarewa ce ke kawo sauri, da ƙwararrun duniya sun fi kowa saurin gama wasa. Amma a manyan gasanni, rukunin mutum uku kan shafe awa biyar ko fiye. A 2018, a filin Torrey Pines da ke Amurka, J.B. Holmes ya ɗauki sama da minti huɗu kafin ya yi bugu ɗaya a rami na ƙarshe. A 2019, a gasar Northern Trust, an ɗauki bidiyon Bryson DeChambeau yana shafe sama da minti biyu a kan gajeren bugu na kusa da rami, ƙwallon ma ba ta faɗa ba. A gasar Masters ta 2013 an ci tarar Guan Tianlang, yaro ɗan shekara 14 daga ƙasar Sin, bugu ɗaya saboda jinkiri, kuma duk da tarar ya tsallaka zuwa kwanaki biyu na ƙarshe, abin da manyan 'yan wasa da yawa suka kasa a wannan makon. Ashe ana iya zama gwani kuma mai nawa. In haka ne, ana iya zama ɗan koyo kuma mai hanzari.

Akwai kuma wani sanadi da ba ya hannun 'yan wasa ko kaɗan. Hukumar R&A da ke St Andrews, wadda ita da takwararta USGA ta Amurka ke tsara dokokin golf, ta fitar da kundi a kan saurin wasa a 2016. Kundin ya kasa musabbabin jinkiri gida uku: yadda ake tafiyar da kulob, yadda aka tsara filin, sannan halin 'yan wasa. Babban misali shi ne tazarar da ake bari tsakanin rukuni da rukuni wajen farawa. A gajeren rami, wanda gwani ke kai ƙwallo kusa da tuta da bugu ɗaya, na baya ba su da damar bugawa sai na gaba sun gama sun fice. A ce wannan na ɗaukar minti 10, kulob kuma na sakin rukuni duk bayan minti 7 don a sami kuɗin shiga da yawa. Rukuni na biyu zai jira minti 3, na uku minti 6, na goma kuwa minti 27, ko da dukansu zakaru ne. Tamkar a saki motoci sahu uku ne zuwa gadar da mota ɗaya ke iya bi, sannan a ɗora laifin cunkoson a kan mai koyon tuƙi da aka hango a layi. Haka ma in an bar ciyawar gefe ta yi tsawo har ƙwallo ke ɓacewa, ko aka kafa tuta a kan gangare, kowa zai yi jinkiri.

Su kansu masu tsara dokokin ba su ɗauki hanyar korar ɗan koyo ba. A gyaran da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2019, an rage lokacin neman ɓatacciyar ƙwallo daga minti biyar zuwa uku. An ba da shawarar kowa ya yi bugunsa cikin sakan 40 daga lokacin da ya sami damar bugawa. An ƙarfafa cewa a wasan ƙirga bugu, duk wanda ya shirya ya buga in ba haɗari, ba sai an jira wanda ƙwallonsa ta fi nisa ba. An halatta barin tuta a cikin rami yayin bugun kusa. An kuma shigar da tsarin da kulob zai iya sa iyakar bugu ga kowane rami, in mutum ya kai iyakar sai ya ɗauke ƙwallonsa ya wuce. Tun kafin wannan da daɗewa, Dakta Frank Stableford ya ƙirƙiro tsarin ba da maki da aka fara gasa da shi a kulob ɗin Wallasey na Ingila a 1932, inda ramin da ya ɓaci ba ya jawo wa mutum komai illa rashin maki, sai ya ɗauke ƙwallo ya tari na gaba. Tsarin rangwamen bugu na duniya da aka fara a 2020 kuma ya kai iyakar rangwamen zuwa 54, wato kusan rarar bugu uku a kowane rami. Wanda aka yi wa irin wannan tanadi, ai an ce masa ya shigo ke nan.

Babbar matsalar hukuncin “sai hannunsa ya faɗa” ita ce, abubuwan da ke sa mutum ya zama abokin wasa nagari ba a koyonsu a wurin atisaye. A can ba wanda ke bayanka yana jira. Ba ramin yashi da za ka share sawunka da manjagara bayan ka fita, ba ɓallen ciyawa da za ka mayar ka taka, ba tabon da ƙwallo ta yi a kusa da rami da za ka gyara. Ba za ka koyi inda ake tsayawa in wani zai buga ba, ko kiyaye inuwarka daga hanyar ƙwallon abokinka, ko ɗaga murya ka ce “Fo!” in ƙwallonka ta nufi mutane. Mutum na iya shekara a wurin atisaye ya fito da bugu mai kyau, ranar farko a fili kuma ya zama fitina ga kowa.

Tarihin wasan ma ya nuna cewa ladabi kan riga ƙwarewa zuwa. Francis Ouimet, wanda ya ba duniya mamaki da ya lashe gasar US Open a 1913 yana ɗan shekara 20, ya fara ne da ɗaukar wa 'yan wasa jaka a filin Brookline inda ya ci gasar. Ben Hogan da Byron Nelson su ma ɗaukar jaka suka yi suna yara a kulob ɗaya a garin Fort Worth na jihar Texas. A filayen Kano, Kaduna, Jos da Abuja, duk wanda ya yi wasa ya san yaran nan masu ɗaukar jaka: sun san inda za su tsaya, sun san lokacin yin shiru, idonsu na kan ƙwallo har ta sauka, tun kafin a ba su damar riƙe sanda. Fili ne ya koya musu, ta hanyar bin wanda ya sani.

Don haka nauyin yana kan wanda ya gayyato baƙon. Kada ka kai shi safiyar Asabar lokacin da fili ya cika ko ranar gasa. Ka zaɓi yammacin ranar aiki, ku yi ramuka tara. Ka sa shi ya fara daga wurin bugu mafi kusa, ko ma ya ajiye ƙwallo a tsakiyar fili inda zai iya kaiwa cikin bugu biyu ko uku. Ku yi yarjejeniya tun kafin ku fara cewa in bugunsa ya ninka adadin da aka yanka wa ramin, zai ɗauke ƙwallo ba tare da jin kunya ba. In ya fi sauƙi, ku buga tare, ku zaɓi ƙwallon da ta fi kyau, kowa ya sake bugawa daga nan. Ka cika masa aljihu da tsofaffin ƙwallaye, don in ɗaya ta shige daji ba sai an tsaya nema ba. Kai ka zama idonsa, domin ɗan koyo ba kasafai yake ganin inda ƙwallonsa ta nufa ba. Kada kuma ka mayar da fili aji, kana gyara masa tsayuwa da riƙo a kowane bugu. Wannan yana rikita shi, yana kuma tsayar da na baya. In kun ga tazara ta buɗe a gabanku, na baya kuma suna jira, ku koma gefe ku ɗaga musu hannu su wuce, ka bayyana masa dalili. Ladabin da dokar wasan ta nema a taƙaice abu uku ne: gaskiya, kula da haƙƙin sauran mutane, da kula da filin. Mutum mai hankali zai kama su a yammaci ɗaya.

Su ma na baya akwai ladabin da ke kansu. Buga ƙwallo ta sauka kusa da rukunin gaba don a tsorata su su yi sauri ya fi duk wani jinkiri muni, domin wasa ne da lafiyar mutane. Tsaki da harara da ɗaga murya suna ƙara wa ɗan koyo ruɗewa, hannunsa ya hau rawa, bugu ya ƙara lalacewa, jiran ya ƙara tsawo. Sallama da neman izinin wucewa cikin mutunci sun fi saurin biyan buƙata.

Ina roƙon dattawanmu masu wancan ra'ayi su gwada abu ɗaya kafin su sake yanke hukunci. Ranar da zagaye ya ja, su duba tazarar da kulob ya bari tsakanin rukunoni, su duba inda layin ya fara taruwa, sannan su sa agogo su auna nasu rukunin daga lokacin da dama ta zo wa kowa zuwa lokacin da ya buga. In bayan wannan ta tabbata ɗan koyo ne ya tsayar da fili, to a nemi wanda ya kawo shi a yi masa magana, domin shi ne bai sauke nauyinsa ba. Kulob ɗin da ya rufe ƙofa ga sababbi zai ci gaba da fama da jinkirinsa, sannan ya rasa waɗanda za su biya kuɗin ban ruwa da yankan ciyawa nan da shekara ashirin.