Mai juna biyu ta ji ƙullutu a nono: ta jira haihuwa ko ta je asibiti?

Tambaya: Daga Damari, ƙaramar hukumar Sabuwa. Mai ciki ta ji ƙullutu a nononta, ba ya ciwo. Manya sun ce aikin ciki ne, ta bari sai ta haihu. Kuma tana jin nauyin likita namiji. Mene ne shawara?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki jira haihuwa. Duk ƙullutun da ya kai mako 2 bai baje ba, ki nuna shi a wurin awon ciki.

Gaskiya ne ciki yana sa nono ya cika, ya yi tauri, kuma galibin ƙullutun da ake samu a wannan lokaci ba sankara ba ne: wani ruwan nono ne ya taru, wani tsiro ne marar illa. Amma ana samun sankarar mama a kusan ciki 1 cikin 3,000, kuma sau da yawa ba ta ciwo da farko. Hannu ba ya iya bambancewa, sai gwaji. Idan fatar nonon ta koma kamar ɓawon lemo, ko kan nonon ya shige ciki, ko jini na fita, ko akwai kaluluwa a hammata, ki tafi ba tare da jiran mako biyun ba.

Gwajin farko sikanin ne, irin wanda ake duba jariri da shi, ba ya cutar da ciki. In likita ya yi shakka, zai kashe wurin ya ɗebi ɗan nama da allura a auna. Maganar da ake yi cewa daji ba ya son ƙarfe ba ta da tushe. Jinkiri ne ke ba shi damar yaɗuwa. Ki guji sakiya da tsaga. Ko an tabbatar sankara ce, ana yin tiyata da ciki, ana fara wasu magunguna bayan wata 3 na farko, gashi kuma sai bayan haihuwa. A mafi yawan lokuta ba a buƙatar zubar da ciki.

Ta fuskar shari'a, Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito daga Usama bn Sharik. Addu'a da ruƙya suna tafiya tare da asibiti, tawakkali bai hana riƙo da sababi ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Brunei a 1993, ta ce a fara neman likita mace. In babu, ya halatta namiji ya duba gwargwadon buƙata, a gaban miji ko muharrami ko amintacciyar mace.

Kai kuma maigida, ko da ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, amanarta tana wuyanka. Ku fara da asibiti mafi kusa, ku karɓi takardar turawa zuwa Babban Asibitin Funtuwa, in ta kama har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Saboda halin da hanyoyinmu suke ciki, ku fita da rana, ku haɗa awo da sikanin a tafiya ɗaya, kuma ku koma karɓar sakamako.

Allah Ya sauke ki lafiya. Allah ne mafi sani.