UWARGIDA, SAN RUMBUN ƘWAN HAIHUWARKI

Iyaye mata, ku karanta, ku gaya wa wadda ba ta zo awo ba.

Kowace mace tana da jakar ƙwai biyu, dama da hagun mahaifa. Da ƙwayayenta ake haifarta, wajen miliyan 1 zuwa 2. Jiki ba ya yin sababbi. Rumbu ne da ake ɗiba kullum, ba a ƙarawa.

Lokacin da yarinya ta fara al'ada, saura kamar 300,000 zuwa 400,000. Ƙwai ɗaya ke nuna a wata, amma da yawa suna lalacewa tare da shi. Daga shekara 35 raguwar takan yi sauri, ingancinsu kuma ya ragu. Shi ya sa ɗaukar ciki kan yi wuya, ɓari ya yawaita. Tsakanin shekara 45 da 55 al'ada takan ɗauke.

ABIN DA KE GAGGAUTA ƘAREWARSU
Shan taba, aikin tiyata a jakar ƙwai, maganin ciwon daji, da gado. Wata tun ba ta kai 40 ba al'adarta ke tsayawa.

ALAMU
Al'ada ta riƙa zuwa da wuri ko tana tsallake wata, zafi ya taso wa jiki, gumi da dare. Wata kuwa ba ta ganin alamar komai.

YAUSHE ZA KI ZO ASIBITI?
1. In ba ki kai 35 ba, kin shekara da maigida babu ciki.
2. In kin kai 35, wata 6 ya isa. Kada ki jira.
3. In al'ada ta ɗauke wata 3 kuma ba ciki ba ne.

Likita zai yi gwajin jini da hoton ciki. Ku zo tare da maigida a duba shi, domin sau da yawa matsalar daga namiji take.

KI KIYAYE
Babu jiƙo ko saiwar da ke mayar da ƙwan da ya ƙare. Kada ki sayar da akuyarki a banza.

Raguwar ƙwai ba ta nufin kin zama juya. Muddin kina ganin al'ada, ciki na iya shiga.

Wannan ba dalilin aurar da yarinya da wuri ba ne. Haihuwa kafin shekara 18 tana jawo doguwar naƙuda da yoyon fitsari.

Haihuwa ta Allah ce, neman magani kuwa namu ne. Tambayi malamar asibiti yau, ba abin kunya ba ne.

Ma'aikatar Lafiya ta Jiha