Wutar Murhu da Wutar Huhu

Duk wadda ta iya tuwo ta san cewa rabin aikin yana ƙarƙashin tukunya. Sai an iza wuta sosai ruwa zai tafasa, talge ya nuna. Amma da zarar an zuba gari an tuƙa, sai ka ga uwargida ta sunkuya ta zare itace ɗaya ko biyu, ta bar garwashi ya sulala tuwon a hankali. In ta zare da wuri, tuwo ya fito da ɗanyen gari. In ta yi jinkiri, ƙauri ya cika gida, rabin abinci ya koma ƙanzo.

Haka lamarin yake a ƙirjin wanda ƙwayar cutar bairos ta kama, ko mura mai tsanani ko korona. Zazzaɓi da kumburi wuta ce da garkuwar jiki ke hurawa don ta ƙone cutar, kuma a kwanakin farko ana bukatarta. Masifar tana zuwa ne ga wasu a mako na biyu, lokacin da ƙwayar cutar ta fara ja da baya amma wutar ta ƙi lafawa. Fararen ƙwayoyin jini su yi ta kwarara cikin huhu, bangon ƙananan jijiyoyin jini ya fara yoyo, ruwa ya cika 'yan jakunkunan da iska ke shiga. Mutum yana jan numfashi da duk ƙarfinsa, haƙarƙarinsa na ɗagawa, amma iskar ba ta isa jini. A nan ake garzayawa da shi sashen kulawa ta musamman a ɗora shi kan na'urar numfashi, likita kuma ya shiga neman abin da zai rage wutar ba tare da ya kashe murhun ba.

Da korona ta ɓarke a 2020, ido ya koma kan tsirrai, kuma da dalili. Akwai maganin da ake kira kolcisin, wanda ake samu daga wani fure mai tsirowa a Turai lokacin kaka. Masana biyu na Faransa, Pelletier da Caventou, su suka fara tace shi a 1820, kuma har yau da shi ake kwantar da ciwon nan mai kumbura gaɓar babban yatsan ƙafa. Aikinsa shi ne hana fararen ƙwayoyin jini tururuwa zuwa inda ake kumburi. Ga arha, ga shi ƙwaya ce ta haɗiya. A takarda, babu abin da ya fi shi dacewa.

Sai aka gwada. Masu bincike na Jami'ar Oxford a Ingila, ƙarƙashin Peter Horby da Martin Landray, suna gudanar da wani babban gwaji mai suna RECOVERY a asibitocin ƙasar. Suka raba majinyata 11,340 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ƙara musu kolcisin, wasu aka bar su kan kulawar da aka saba. Bayan kwana 28, kashi 21 cikin 100 sun rasu a wannan ɓangare, kashi 21 a wancan. Ko kaɗan bai rage mutuwa ba. Abin da ciwo, domin da ya yi aiki, da asibitocin da ba su da kuɗi sun samu sauƙi. Amma gara a sani, don kolcisin ba abin wasa ba ne: yana kawo gudawa, in kuma ya yi yawa yana kisa.

Wanda ya yi nasara a wannan gwaji shi ne deksametazon, tsohon magani da ke kusan kowane kyamis. A watan Yuni na 2020 aka sanar cewa miligiram 6 a rana, har zuwa kwana goma, ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga masu shaƙar oksijin kawai. Ga wurin da nake so mai karatu ya tsaya: waɗanda ciwonsu bai kai ga bukatar oksijin ba, maganin bai amfane su ba, alƙaluman ma sun fi karkata ga cutarwa. An zare musu itace tun talge bai nuna ba. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji wani ya sayi wannan ƙwaya ya sha da kansa don ya ji tari da zazzaɓi. Tana danne garkuwar jiki daidai lokacin da ake bukatarta, tana kuma tayar da sukarin jini.

Dangin magungunan da deksametazon ya fito daga ciki su ma suna da tushe a tsiro. A shekarun 1940 wani masani ɗan Amurka, Russell Marker, ya gano yadda za a sarrafa sinadarin da ke cikin wata doyar daji ta ƙasar Meziko a mai da shi irin waɗannan magunguna, abin da ya karya farashinsu. Yau ma daga waken suya ake samun yawancin kayan haɗinsu. Sai dai jikin ɗan Adam ba ya iya yin wannan sarrafawa, don haka ko buhu guda na doyar mutum ya ci, ba za ta zame masa magani ba.

Akwai kuma wani tsiron da aka sa wa rai. A watan Afrilun 2020 shugaban Madagaska na lokacin, Andry Rajoelina, ya fito da wani jiƙo na ganyen dangin tazargade, ya ce maganin korona ne, har aka aika wa ƙasashen Afirka da dama, ciki har da Najeriya. Ganyen yana da daraja, don daga gare shi aka samo mafi ƙarfin magungunan zazzaɓin cizon sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara gwada jiƙon tukuna, daga baya kuma, a 2021, ita da kanta ta sa atesunet, wanda daga wannan ganye aka samo shi, cikin gwajinta kan majinyatan korona da ke kwance a asibiti, da ma'auni sananne da likita a kansu.