Hayaniyar da Ke Shiga Tsakanin Zuciya da Na'ura

Duk bugun da zuciya ta yi, akwai 'yar wutar lantarki da ke tashi daga cikinta, ta ratsa jiki har ta iso fata. Ƙarfinta a nan kusan kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt guda. Wutar soket ɗin bango kuwa bolt 230 ce, tana kai da komo sau 50 a kowane sakan, jikin mutum kuma yana kwasar burbushinta ko bai taɓa waya ba. To, agogon hannu ko faifan da ake mannawa a ƙirji don auna zuciya, aikinsa tamkar sauraren raɗa ne a gindin injin niƙa.

Matsalar tsohuwa ce. Willem Einthoven, likitan ƙasar Holan da ya samu kyautar Nobel a 1924 saboda na'urar zana bugun zuciya, sai da ya riƙa sa mutane su tsoma hannuwa da ƙafa cikin bokitan ruwan gishiri kafin wutar ta fito sosai. Yau na'urar ta ƙanƙance har kamfanin Apple ya saka ta a agogo a 2018, amma buƙatar tana nan: fata da ƙarfe su haɗu da kyau.

Dabarar masu ƙira ita ce na'ura ta auna wuri biyu a jiki, ta ɗauki bambancin da ke tsakaninsu kawai. Hayaniyar da ta shigo daidai wa daida ta ɓangarorin biyu sai ta kashe kanta. Amma sai in mannin biyu ya zo ɗaya. Da zarar ɗaya ya saki, ko ya hau busasshiyar fata, lissafi ya ɓaci, zanen ya cika da kwarkwaɗa.

Nan ne hunturu ke shigowa. Daga Disamba zuwa Janairu, a Kiru ko Bebeji, fata kan bushe ta yi furu-furu, busasshiyar fata kuwa ba ta barin wuta ta wuce sosai. Mai kaushi sai ya lafta man shafawa, man ya sake toshe hanya. Maganin ba tsada: a wanke wurin da sabulu, a tsane, a ɗan goge matacciyar fata, a aske gashi in ya yi yawa, kuma kar a yi amfani da faifan da danshinsa ya bushe a cikin leda.

Sai janareta. A cikin na'urorin akwai matata da ke cire abin da ke kaɗawa sau 50 a sakan. Ƙaramin janareta ba ya tsayawa cak a kan 50. A kunna masa firji ko injin ban ruwa, sai ya ja baya, hayaniyar ta zille wa matatar. Na'urar da aka saita don Amurka kuma 60 take jira. Caja mai arha da wasu na'urorin sola ma suna zuba tasu. Shi ya sa ya fi kyau a cire caja, a yi awo da batir, nesa da waya. Ƙara tsananta matata ba mafita ba ce, domin in tacewa ta yi yawa takan lanƙwasa ainihin layin da likita ke dubawa don gane ciwon zuciya.

Motsi ma haka. Tsoka tana fitar da tata wutar, don haka awon zuciyar da agogo ya nuna wa mai tuƙa babur daga Tudun Wada zuwa dajin Falgore ba abin gini a kai ba ne.

Shi kuwa abin maƙalawa a yatsa don auna iskar jini, da haske yake aiki, ja da wani wanda ido ba ya gani. Sanyin asubar Doguwa kan rage jinin da ke isa yatsa, baƙin lalle da hasken rana su rikita shi. Akwai kuma matsalar da ba laifin mai awo ba ce: binciken Jami'ar Michigan na 2020 ya nuna cewa na'urar ta kasa gano ƙarancin iska a jinin baƙaƙen fata kusan ninki uku fiye da na farare. Saboda haka yaron da ke numfashi da ƙyar asibiti za a kai shi, ko da lambar ta yi kyau. Wanda agogonsa ya yi ta gargaɗi yana zaune shiru kuwa, sai a yi masa cikakken awon zuciya mai faifai goma, likita ya karanta.